Zaɓen lauya a Damagaram: tambayoyi da amsoshi

Kowace rigima ce sai an ɗauki lauya?

A'a. Rikicin gona, gado ko aure ana iya fara shi gaban mai unguwa, mai gari ko sarki, domin dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane. In an shirya, a rubuta takardar sasanci kowa ya sa hannu, kada a tashi da fatar baki kawai. Amma in jandarma ko ƴan sanda suka tsare ɗan'uwanka, babu zancen jira. Dokar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin kamu, kuma abin da aka rubuta a ranar farko shi ke bin mutum har gaban alƙali.

Ta yaya zan gane lauyan gaske?

Sunansa yana cikin jerin ƙungiyar lauyoyi ta Nijar, wadda shugabanta ake ce wa batoniye. Tambaya ba raini ba ce. Kwat da jaka ba sa mai da mutum Metir, wato lauya, kuma bakin kotu ba ya rasa ƴan kamasho masu cewa "ni na san alƙali". Wanda ya fara maka da wannan, ko ya rantse cewa nasara taka ce tun bai buɗe takardunka ba, ka riƙe kuɗinka. Ni na fi yarda da wanda zai dube ka ya ce: "Alhaji, a nan kana da rauni."

Duk lauya ba lauya ba ne?

A takarda haka ne, a aiki kuwa kowa da inda hannunsa ya faɗa. Bashin ƴan kasuwa da rigimar kamfani dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suka amince da su, ke tafiyar da su, gona kuwa sai wanda ya san al'ada da takardun hukumar filaye. Ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa riƙe irin shari'arka, da kuma wanda zai tsaya ranar zama, shi ko yaron ofishinsa.

In ɗauko na Yamai ko na nan?

Akasarin lauyoyin ƙasar a Yamai suke, nisan kusan kilomita 900. Zinder, wato Damagaram, tana da babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara, ke nan shari'ar da ta taso daga Mirya ko Magariya tana iya ƙarewa a nan. In ka ɗauko na nesa, kuɗin mota da masauki na wuyanka, kuma in aka ɗage zama sai ka sake biya. Ka yi lissafin nan tun da wuri.

Zancen kuɗi fa?

A rubuta yarjejeniya: nawa ne, me ya ƙunsa, da ɗaukaka ƙara a ciki ko babu. Duk jikar da ka ba da, ka karɓi rasiɗi.

In ba ni da hali?

Akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimakon marasa ƙarfi a fannin shari'a. Je babbar kotu ka tambayi ofishinta.

Zan iya canza lauya ana cikin shari'a?

Za ka iya. Ku daidaita kan haƙƙinsa, ka karɓi takardunka. Sai dai ka lura da lokaci: a shari'ar laifi kwana 10 ne wa'adin ɗaukaka ƙara, kada ya cika kana tsakanin lauyoyi biyu.