Unguwa mai rarar wuta: yaya ake bambance ta gaskiya da ta takarda?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farantan sola suka fara yawa a kan rufin kwano a ƙauyukanmu na yankin Kura da Bunkure. Haɗa su ne sana'ata. Kwanan baya wani ɗalibi ɗan garinmu ya zo hutu, ya nuna wa mutanen majalisar ƙofar gidan dagaci wani bidiyo a waya: unguwanni a Turai da ke samar da wutar da ta fi ƙarfin bukatarsu, har su sayar da rara. Nan take aka juyo kaina da tambayoyi. Ga su nan da amsoshin da na bayar, na ɗan ƙara musu gishiri bayan na koma gida na yi tunani.

Da gaske akwai irin wannan unguwa, ko dai haɗin bidiyo ne?

Akwai. Wadda aka fi ambato tana birnin Freiburg a kudancin Jamus, gidaje 59 ne da mai zanen gini Rolf Disch ya tsara, aka gama su a tsakiyar shekarun 2000. Rufin kowane gida faranti ne tun daga wannan gefe har wancan. A 2018 kuma ƙasashen Turai suka ɗaura niyyar kafa irin waɗannan unguwanni guda 100 zuwa 2025, aka fara gwaji a birane kamar Trondheim a Norwe, Limerick a Ailan, da Amsterdam da Groningen a Holan.

Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne, ba da faranti suka fara ba. Sun fara ne da ginin da ba ya cin wuta: bango mai kauri, taga mai rufin gilashi ninki uku, gida yana fuskantar inda rana take. Sai da cin ya ragu sannan rufi ya iya ciyar da gida har ya bar saura.

Dagaci ya ce: to idan wuta ta ishe su har ta yi rara, me kuma za a tsaya ana aunawa?

Ranka ya daɗe, nan ne gizo yake saƙar. Rarar da suke faɗa ta lissafin shekara ce. Ana tara duk yunit ɗin da faranti ya bayar daga Janairu zuwa Disamba, a tara wanda gidaje suka ci, a debe. Idan na farko ya fi, sai a ce unguwa ta yi rara. Amma wuta ba hatsi ba ce da za a zuba a buhu a ajiye a ɗaki. A Jamus, lokacin zafi suna tura rararsu cikin babban layin ƙasa a biya su, lokacin sanyi da rana ke ɓuya su jawo daga layin nan. Wato babban layin ƙasa ne rumbunsu. Manomin da ya cika gona da dami amma ba shi da rumbu, mun san ƙarshensa: ya sayar da kaka a wulaƙance, ya koma awo da tsada da marka.

Mu kuwa ina rumbun? Akwai garuruwan da ko turke bai je ba, akwai waɗanda taransifoma ta ƙone tun bara. Na sha ganin wannan da idona. A wani gida da na haɗa wa faranti shida, kafin azahar batir ya cika, na'urar caji ta datse wuta, faranti suna shan rana a banza har la'asar. Da misalin ƙarfe uku na dare kuma inbata ta fara ƙara, fanka ta tsaya, maigida ya kwashi tabarma ya fita tsakar gida. A takarda gidan nan yana da rara. A zahiri yana kwana da gumi. Shi ya sa masu bincike na ƙwarai ba sa gamsuwa da jimillar shekara, sai sun duba sa'a bayan sa'a: nawa unguwa ta ci daga nata a daidai lokacin da take bukata, nawa ta roƙa daga waje.

Ai ƙera farantin ma yana cin wuta. Ana sa wannan a lissafi?

Masu gaskiya suna sawa. Faranti yakan biya bashin wutar da aka ci wajen ƙera shi cikin shekara ɗaya zuwa biyu, alhali yana iya yin shekara 25 yana aiki, don haka shi ba abin damuwa ba ne. Siminti da ƙarfe ne masu nauyi, domin masana'antar siminti kaɗai tana fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Akwai wani ginin ofis a Trondheim da aka buɗe a 2019 wanda aka tsara shi don ya biya har bashin gininsa cikin shekara 60. Ta wannan fuska, soron ƙasa na kakanninmu mai azara ya fi ɗakin bulo da kwano samun maki: ba a ƙona komai wajen yin tubali, kuma da bazara yana da sanyi ba tare da fanka ba. Ni kaina na rushe nawa na yi bulo, ina kuma ji a jikina duk watan Afrilu.

Wata gwaggona ta aiko a tambaye ni: wannan rarar za ta dafa tuwo?

Gwaggo, tambayarki ta fi ta kowa. Duk lissafin rara ya dogara ne da inda aka ja iyaka. Idan ƙwan fitila da cajin waya da fanka kawai aka ƙidaya, kusan kowane ƙauye zai iya yin rara. Amma makamashin da gidan karkara ya fi ci yana murhu, itace ne da kara da gawayi. Garin da ke haske da dare amma mata suna shaƙar hayaƙi, yara suna tafiya mai nisa neman itace, bai kai a kira shi mai rara ba. Ko a Turai ana gardama a kan haka, su tasu ta man mota ce: a sa shi cikin lissafin unguwa ko a bar shi waje.

Tunda ranarmu ta fi tasu, ai mu abin zai fi mana sauƙi?

Hasken da ke sauka a Kano da Jigawa a shekara ya kusa ninka na Jamus, wannan gaskiya ne. Sai dai faranti haske yake so, ba zafi ba. Da zarar jikinsa ya wuce digiri 25, kowane digiri yana rage masa wajen kashi 0.4 cikin 100. Wanda aka manna a kan kwano ba tare da an bar wa iska hanya ba yana iya haura digiri 60 da rana tsaka, kun ga ya yi asarar fiye da kashi goma. Ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a kansa har yara su rubuta sunansu da yatsa, wankinsa kuma yana son ruwa a lokacin da rijiya ke ja baya. Ga hadarin Agusta. Zafin nan kuma shi ke kashe batirin dalma da wuri, musamman idan an ajiye shi a ɗakin da ba taga.

To rarar tsakar rana, ina za mu kai ta?

Mu kai aiki inda take. Injin niƙa, injin casar shinkafa, walda, firjin ƙanƙara, ɗakin sanyi na tumatirin da ke ruɓewa a Kadawa lokacin da kasuwa ta cika, duk a ja su zuwa tsakanin hantsi da la'asar. Famfon ban ruwa ya fi kowa dacewa, domin tankin da aka cika da rana shi ma batir ne, kuma ya fi araha. Amma a kula: injin fetur kuɗin mai ne ke sa a kashe shi, na sola kuwa ba mai tsawatar masa. Idan kowa a fadama ya bar nasa yana zuba tun safe, ruwan ƙasa ne zai biya. Don haka zurfin ruwan rijiya ma yana cikin abin da ake aunawa.

Ta fuskar doka hanya a buɗe take. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Najeriya ta fitar da ƙa'idar ƙananan tashoshin wuta a 2016, ta sabunta a 2023, kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Manyan misalai ma muna da su a gida: tashar sola ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka ƙaddamar a 2019, da ta Challawa mai megawat 10 a 2023.

Idan kamfani ya zo zai kafa mana, me za mu tambaye shi?

Kada ku tsaya a kan yawan faranti. Ku tambayi kuɗin yunit, da ko gidan da ba ya iya sayen kati sai na ɗari biyar zai samu shiga, ko kuwa masu shago ne kawai za su mora. Ku tambayi batir: na dalma shekara kaɗan yake yi, na litiyam yakan kai wajen goma, duk wanda aka sa ranar canjinsa tana tafe. Wa zai biya, a wane asusu ake tara kuɗin, wa ke da hannu a kansa? Na san garin da aka yi bikin buɗewa da kiɗa, bayan 'yan shekaru batura suka mutu, lambar wayar da aka bari ba ta shiga, yanzu awaki ne ke shan inuwar farantan. Ku tambayi inda tsohon batir zai tafi, domin idan 'yan gwangwan suka fasa shi a bayan gari suka zubar da ruwansa, dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Ku ce a koya wa yaran gari biyu gyara. Sannan ku nemi su nuna muku lissafin wani gari da suka riga suka yi wa aiki, na daren Agusta bayan kwana uku ana hadari, da na makon da hazo ya rufe gari a Janairu.