Waiwaye: Louise Brooks, jarumar da zamaninta ya yar, na baya suka tsinta

Kafin sauti ya shigo sinima a 1927, da fuska da hannu ɗan wasa yake neman abincinsa. In baƙin ciki ne sai a zaro ido a dafe ƙirji, in tsoro ne a ja da baya ana makyarkyata, don na kujerar ƙarshe ya gane abin da ake ciki. Louise Brooks ba ta bi wannan hanya ba. A kan haka aka soke ta a lokacinta, a kansa kuma ake yabonta yau.

An haife ta a 1906 a Cherryvale, wani ɗan gari a jihar Kansas ta Amurka. Da rawa ta fara: tana shekara 15 ta tafi New York ta shiga ƙungiyar rawa ta Denishawn, aka sallame ta a 1924, ta koma rawar dandamali a Ziegfeld Follies, daga nan kamfanin Paramount ya ɗauke ta a 1925. Duk wanda ya kalli fim ɗinta zai ga horon rawar nan a jikinta. Wuya a miƙe, kafaɗa a sake, in za ta waiwayo sai ta juyo gaba ɗaya a hankali, fuska kuwa kamar ba ta san da kyamara a wurin ba.

Sai askin. Baƙin gashi wuluk mai sheƙi, an datse shi daidai kumatu, na gaba an yanke shi a miƙe bisa gira. Ba ita ta ƙirƙiro shi ba, jaruma Colleen Moore ma ta yi irinsa a shekarun. Amma a fim mai baƙi da fari, gashin nan yakan kewaye farar fuskarta ya tilasta wa mai kallo ya tsaya a kan idanunta, har wani marubuci ɗan Ingila, Kenneth Tynan, ya kwatanta shi da baƙin kwalkwali a 1979.

A 1928 Paramount ya hana ta ƙarin albashi, ita kuma ba mai lallami ba ce. Ta tattara ta tafi Berlin wurin darakta G. W. Pabst, ta fito a matsayin Lulu a Pandora's Box, wanda aka saki a 1929. Jamusawa da dama ba su ji daɗin an ba Ba'amurkiya matsayin Lulu ba, masu sharhi kuma suka ce ai tsayawa kawai take yi, ba ta iya wasa ba. Da ta koma gida, Paramount ya nemi ta zo ta sa murya a wani fim marar sauti da ta yi kafin tafiyarta, ta ƙi, aka ɗauko wata jaruma, Margaret Livingston, ta yi magana a madadinta. Daga nan ƙofofi suka fara rufewa. Fim ɗinta na ƙarshe a 1938 ne, wani ƙaramin fim na kaboyi tare da John Wayne. Har aikin sayar da kaya ta yi a wani kanti a New York.

Masu adana tsofaffin finafinai ne suka dawo da sunanta. A 1955 Henri Langlois na Cinémathèque Française, gidan adana finafinai na Faransa, ya kafa ƙaton hotonta a wani baje koli na cikar sinima shekara 60 a Paris. James Card na gidan tarihin George Eastman ya ja ta zuwa Rochester, garin da gidan yake, a 1956, inda ta zauna tana kallon finafinan zamaninta tana rubutu a kansu, rubutu mai kaifi da bai bar kowa ba, har ita kanta. An tattara shi a littafi a 1982, ta rasu a 1985.

A ganina akwai sa'a a cikin wannan farin jini. Binciken ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa sauti sun ɓace, ciki har da wasu nata. Da kwafin aikin Pabst ya ruɓe a sito, da sai dai hotunan askin. Shi askin ya ci gaba da yawo: mai zane ɗan Italiya Guido Crepax ya ɗora shi a kan Valentina, jarumar labaransa na zane, a 1965, masu gyaran gashi a Turai da Amurka kuma har yanzu da sunanta suke kiran wannan yanka.