Gadar Hood Canal: dalilin da ya sa mota ke jiran jirgin ruwa

Gadar Hood Canal tana jihar Washington a Amurka, kan hanyar SR 104, ta haɗa yankin Kitsap da yankin Olympic. Tsawonta kusan kilomita 2.4 ne, kuma mafi yawanta ba ta da ginshiƙi a ƙasa. Manyan akwatunan kankare ne ke ɗauke da ita bisa ruwan gishiri, an ɗaure su da igiyoyin ƙarfe zuwa ƙasan teku, domin zurfin ruwan ya wuce mita 100 a wasu wurare.

Abin da ke ba baƙin direbobi mamaki shi ne a nan jirgin ruwa ne ke da fifiko. Dokar tarayya ta ɗauki Hood Canal, wato mashigin tekun da gadar ta tsallaka, a matsayin hanyar jiragen ruwa, don haka wajibi ne ma'aikatar sufurin jihar ta buɗe gadar idan mai jirgi ya ba da sanarwa aƙalla awa ɗaya kafin ya iso. Ƙafa 300 ake buɗewa, sai an nemi cikakkiyar buɗewa a kai ƙafa 600. Ana ɗaga wani sashen titin sama, sannan a janye akwatin da ke tsakiya ya shige ƙarƙashinsa. Aiki ne mai cin lokaci, kuma ko an mayar da gadar, layin motoci ba ya warwarewa nan take, tunda hannu ɗaya ne kowane ɓangare.

Masu mota sun samu sassauci ɗaya. Daga 22 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, tsakanin ƙarfe 3 na rana da 6:15 na yamma, ba dole ba ne a buɗe wa jiragen shaƙatawa. Amma kada ka dogara da wannan sosai. Sassaucin bai shafi jiragen kasuwanci masu jan kaya ba, haka nan jiragen gwamnati da na sojan ruwa. Sansanin Bangor, inda jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa suke, yana cikin mashigin, kuma ba a shelanta lokacin wucewarsu saboda tsaro. Kana iya duba jadawali ka ga babu komai, ka iso ka tarar an sauke shinge.

Sai batun iska. Idan ta kai mil 40 a awa ta kuma ɗore minti 15, ana iya rufe gadar ga motoci. Wasu na ganin tsaurin ya yi yawa. Mu ba mu ga haka ba. An buɗe gadar a 1961, ranar 13 ga Fabrairu 1979 kuma guguwa ta nutsar da rabinta na yamma bayan ruwa ya cika akwatunan. Ba a sake bi ta kanta ba sai 1982. Idan hadari ya yi ƙarfi akan buɗe tsakiyarta don rage matsin iska da igiyar ruwa, wanda ke nufin ba mota da za ta wuce.

Kafin ka kama hanya, duba sanarwar ma'aikatar sufuri. Idan an rufe na dogon lokaci, zaɓinka shi ne zagayawa ta hanyar US 101 ta kudancin mashigin, tafiya mai nisa, don haka ka tabbata da mai a tanki. Ba a biyan kuɗin wucewa.