Me ya sa zinare ba ya tsatsa, ƙarfe kuwa yana yi?

Mece ce lambar volt da ake rubuta wa kowane ƙarfe a littafin kemistare?

Awo ne na yadda sinadari yake riƙe da elektoron ɗinsa, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa masu ɗauke da cajin lantarki. Masana sun ba haidurojin sifili, sai ake gwada sauran da shi a zafin digiri 25. Wanda lambarsa ta faɗi ƙasa da sifili, sakin elektoron ba ya masa wuya. Wanda tasa ta haura kuwa, marowaci ne. Tutiya tana da -0.76, baƙin ƙarfe -0.44, jan ƙarfe +0.34, azurfa +0.80, zinare +1.50.

To ina ruwan wannan da tsatsa?

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya miƙa wa iskar oksijin elektoron ɗinsa a wuri mai danshi. Zinare ba ya miƙawa, shi ya sa masu haƙa ke tsintar sa tsantsa cikin yashi. Sodiyum, wani ƙarfe mai -2.71, ba a samun sa shi kaɗai a ƙasa; sai a 1807 Humphry Davy ya ware shi da ƙarfin lantarki a Ingila.

Dubi kwanon rufi ma. Ƙarfe ne aka lulluɓe da tutiya, kuma tun da tutiya ta fi shi saurin saki, ko an karce kwanon ita ce ke fara cinyewa, ƙarfen ya tsira.

Da batir fa?

Tazarar da ke tsakanin lambobi biyu ita ce ƙarfin batir. Tutiya da jan ƙarfe suna ba da volt 1.10, kamar a batirin da John Daniell ya haɗa a 1836.

Ke nan wanda lambarsa ta fi yin ƙasa shi ya fi zafin rai?

A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, kuma a ganina malamai ba sa tsayawa a kai yadda ya kamata. Ɗauki wasu ƙarafa biyu: litiyum yana da -3.04, fotasiyum -2.93. Amma jefa su a ruwa: litiyum kumfa kawai yake yi a hankali, fotasiyum kuwa nan take ya kama da wuta. Dalili ɗaya shi ne fotasiyum yana narkewa a digiri 63, zafin haɗuwarsa da ruwa ya narkar da shi, ruwa ya ƙara samun wurin taɓa shi. Litiyum sai wajen digiri 180. Lambar tana nuna inda haɗuwar sinadarai ta dosa, ba ta cewa komai game da saurinta.

Tukunyar alminiyum da ke kan murhu shaida ce. Lambarsa -1.66, ƙasa da ta ƙarfe nesa ba kusa ba, amma da ya taɓa iska sai wata siririyar fata ta rufe shi, ta hana ruwa da iska kaiwa ciki. Tsatsar ƙarfe kuwa ɓarewa take yi, ta bar sabon wuri a buɗe.