Tsarin jigilar lemun kwalba daga masana'anta a Yamai

Tsarin jigila shi ne yadda masana'antar lemo ke yanke shawarar wace mota za ta ɗauki wane kaya, ta bi wace hanya, a wace rana. A Nijar, galibin lemon da ke barin Yamai zuwa gabas yana bin babbar hanya mai lamba 1: Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Konni, Maraɗi har Damagaram. Motar Tawa tana rabuwa da wannan hanya a Tsarnawa; daga Yamai zuwa Tawa tafiyar kusan kilomita 550 ce.

Lemo kaya ne mai nauyi. Lita guda kilo guda ce, ban da nauyin gilashi da akwati, shi ya sa mota ke kai iyakar nauyinta tun da sauran fili a bayanta. Dokar UEMOA, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade nauyin da kowane layin tayoyi zai ɗauka, don haka da sikeli ake lissafin lodi. Idan aka tara kaya a baya kawai, jimillar na iya zama daidai amma a ci tara a wurin awo.

Babban abin da ke ɗaure tsarin shi ne kwalbar da aka shanye. Akwati yakan ɗauki manyan kwalabe 12 ko ƙanana 24, kuma duk wanda ya fita cike dole ya komo. Motar da ta sauke akwati 800 a Tawa ta dawo da 500 ta bar 300 a hannun dillalai. In hakan ya maimaitu, injin cikawa zai tsaya ko da sukari da ruwa na nan. Saboda haka ake ƙirga kwalabe a gaban direba da dillali, a rubuta fasassu daban, a kuma karɓi kuɗin ajiya.

Zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana saurin fitar da iskar lemon robar da aka bari a rana. A rufe da tamfol, a yi lodi da asuba, kuma wanda ranar lalacewarsa ta fi kusa shi zai fara fita daga mangaza.

Azumi da sallah na ƙara buƙata, damina na ɓata hanyoyin ƙauye, sai a cika mangazun jihohi tun da wuri. Tun rufe iyakar Benin a 2023, kayan haɗi da yawa na zuwa ta tashar jiragen ruwa ta Lome a Togo su ratso Burkina Faso, hanya mai tsawo da jinkiri, wanda ke tilasta ajiye sukari da murafun kwalba na makonni masu yawa.