PP, PPK da PPK/S: Ma'anar Haruffan da Ke Jikin Ƙaramar Bindigar Walther

Masu tara tsofaffin ƙananan bindigogi a Turai da Amurka ba sa cewa "ina da Walther" su yi shiru. Sai sun ƙara da cewa PP ce, ko PPK, ko PPK/S, sannan su faɗi garin da aka ƙera ta da hatimin da ke jikinta. Ga wanda bai saba ba, ukun duk kamar an tsaga kara suke. Amma harafi ɗaya da aka ƙara ko aka rage yana canza tsawon bututu, yawan harsashi, irin mariƙin da zai shiga, da kuɗin da za a saya.

Da farko a gyara wata kalma da ake yawan ruɗewa a kanta. Idan aka ce bindiga "mai sarrafa kanta", mutane kan ɗauka wadda ke ɓarin wuta muddin yatsa na kan kunama. Waɗannan ba haka suke ba. Kowane jan kunama harsashi ɗaya yake fitarwa. Abin da bindigar ke yi da kanta shi ne tofar da ƙwanson da ya ƙone da ɗauko sabon harsashi daga gidansa ta saka a bututu.

PP gajarta ce ta kalmar Jamusanci Polizeipistole, wato bindigar 'yan sanda. Kamfanin Carl Walther ya fito da ita a 1929 a garin Zella-Mehlis na yankin Thuringia a Jamus. Bututunta milimita 98 ne, tsawonta gaba ɗaya kusan milimita 170, an yi ta domin ɗan sanda mai kaki ya rataya a ƙugu. Bayan kamar shekara biyu sai ga ƙanwarta, PPK. Harafin K ɗin daga Kriminalmodell yake, ma'ana samfurin 'yan sandan ciki masu farin kaya, waɗanda ke buƙatar abin da zai ɓuya a ƙarƙashin kwat. Mutane da yawa suna fassara K ɗin da kurz, wato gajere, kuma ba abin mamaki ba ne tunda gajerar ce: bututu milimita 83, tsawo kusan 155.

Ba tsawo kaɗai aka rage ba, kuma nan ne mai tarawa ke fara sa ido. A PP, bayan mariƙin ƙarfe ne da ya haɗe da gangar jiki, sai a rufe gefe da gefe da faifai biyu. A PPK an cire wannan ƙarfen na baya domin rage nauyi, aka yi mariƙi na roba mai tauri guda ɗaya da ya naɗo daga wannan gefe zuwa wancan. Saboda haka mariƙin PP ba ya hawa PPK ko da za a kwana ana gwadawa. Gidan harsashi ma haka. Na PP mai cin harsashin milimita 7.65 yana ɗaukar 8, na PPK yana ɗaukar 7. A harsashin 9 gajere kuwa PP 7 ne, PPK 6. Gidan PPK ya yi wa PP gajarta, ba zai kai harsashi bakin bututu ba, na PP kuma idan aka zura a PPK sai gindinsa ya leƙo waje.

To PPK/S fa? Ita doka ce ta haife ta. A 1968 Amurka ta kafa dokar sa ido kan bindigogi, aka gindaya sharuɗɗan girma ga duk ƙaramar bindigar da za a shigo da ita daga waje. Ɗaya daga ciki shi ne tsayinta daga sama zuwa gindin mariƙi ya kai inci 4, wato milimita 101.6. PPK kusan milimita 100 ce, ta gaza da abin da bai kai kaurin tsinken ashana ba, kuma Amurka ce babbar kasuwarta. Sai kamfanin ya ɗauki gangar jikin PP mai doguwar mariƙi ya ɗora mata gajeren bututu da murfin PPK, wato ƙarfen sama mai zamewa. Abin da ya fito shi ne PPK/S: sama na ƙanwa, ƙasa na ya. Don haka gidan harsashinta da faifan mariƙinta irin na PP ne, sifirin ɗinta mai mayar da murfi kuwa irin na PPK. Wanda ya rasa wannan bayani yakan sayi gidan harsashin PPK saboda ya ga haruffa uku na farko sun yi daidai, ya zo ya tarar ba ya kamawa.

Yadda suke aiki iri ɗaya ne. Bututun a kafe yake a gangar jiki, ba ya motsi. Sifirin mai mayar da murfi a naɗe yake a jikin bututun. Idan harsashi ya tashi, ƙarfin da ya tura shi gaba shi ke tura ƙwanso baya, ƙwanson ya ingiza murfin sama mai zamewa. Babu wata sakata da ke kulle murfin da bututu; nauyin murfin da taurin sifirin ne kawai ke riƙe shi na ɗan ƙiftawar ido har harsashi ya bar baki. Wannan ne dalilin da ya sa ba a yi su da manyan harsasai ba. An yi su da 7.65 Browning, da 9 gajere, da .22, da 'yan kaɗan masu cin 6.35 waɗanda masu tarawa ke nema ruwa a jallo. A kan 7.65 aka tsara bindigar tun asali, kuma a nan ta fi lafiya. Mai cin 9 gajere ta fi bugun hannu, sifirinta ya fi tauri, jan murfinta ya fi wuya.

Lambar 9 ɗin nan tana buƙatar hattara. 9 gajere shi ne 9×17, wanda Amurkawa ke kira .380. Ba shi ne 9×18 na bindigar Makarov ta Sobiyet ba, ba kuma 9×19 na manyan bindigogin soja ba. Rubutun da ke gefen hagu na murfin shi ke faɗin abin da bindigar ke ci.

Abin da ya ɗaukaka PP a zamaninta shi ne kunamarta mai aiki biyu. Jan farko yana da nauyi da nisa domin shi ke ɗaga gudumar baya ya sake ta. Daga nan murfin ne ke ɗana gudumar, sai jan ya koma mai sauƙi. A gefen murfin akwai ɗan hannun tsaro: idan aka sauke shi ƙasa yana kwantar da guduma ya kuma tare allurar da ke bugun harsashi, idan aka ɗaga sai jan ɗigo ya bayyana, alamar a shirye take. Sama da gudumar kuma akwai wani siririn tsinken ƙarfe da ke leƙowa idan akwai harsashi a bututu, ana iya jin sa da yatsa cikin duhu. Masu cin .22 ba su da shi. Wannan tsari ne aka kwaikwaya a Makarov ta Tarayyar Sobiyet a 1951, da PA-63 ta Hangari, da P-64 ta Folan. Kama ce kawai, kayan gyaransu ba sa shiga na Walther.

Yanzu ga inda tarawa ke da zurfi, wato hatimai. Dokar Jamus ta tilasta a gwada kowace bindiga da harsashi mai ƙarfi kafin a sayar, a buga mata hatimi. Wadda aka yi kafin 1940 tana ɗauke da kambi a kan harafin N. Daga 1940 zuwa 1945 sai mikiya a kan N. Wadda sojoji suka karɓa tana da ƙaramin hatimin mai duba kaya, WaA359, ta 'yan sanda kuma mikiya da harafin C ko F. Na farko-farko hannun tsaronsu yana juyawa digiri 90, daga baya a shekarun 1930 aka rage zuwa 60, kuma lambobin jiki suka riƙa ƙarewa da P ga PP, K ga PPK. Idan aka ajiye ta 1935 kusa da ta 1945 ido zai ga tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da kansa: ta farko baƙin rininta na sheƙi kamar madubi, ta biyu ga sawun injin a jikin ƙarfe ba a goge ba, wasu ba tsinken nuna harsashi, wasu mariƙin katako, wasu ba sunan kamfani sai haruffan sirri "ac". Akwai ma waɗanda aka harhaɗa daga ragowar kaya bayan sojojin Amurka sun shiga masana'antar a watan Afrilun 1945, lambar murfi daban, ta gangar jiki daban. A kowace bindiga saɓanin lamba aibi ne, amma a waɗannan an san dalilinsa.

Bayan yaƙi Zella-Mehlis ta faɗa ɓangaren Sobiyet, iyalin Walther suka sake kafuwa a Ulm. Da yake an hana Jamus ƙera makamai a lokacin, sai aka ba kamfanin Manurhin na garin Mulhouse a Faransa lasisi, ya fara yi daga 1952 har zuwa 1986. Abin da sababbin shiga ba su sani ba shi ne, da yawa daga cikin masu rubutun Ulm da hatimin ƙahon barewa na ofishin gwajin garin, a Faransa aka sassaƙa ƙarfensu, aka kai Jamus aka ƙarasa aka gwada. Don haka raina mai tambarin Manurhin kuskure ne. Aikinta ba ya ƙasa da na 'yar'uwarta, sau da yawa ma ta fi araha. Kusa da ƙahon akwai shekarar gwaji, da farko da lambobi biyu, daga ƙarshen shekarun 1970 kuma da haruffa, inda A ke nufin 0, B 1, har zuwa K mai nufin 9, ana tsallake J. Wadda aka buga wa HK ke nan ta 1979 ce.

A Amurka kuma akwai zuriya uku. Na kamfanin Interarms da aka ƙera a jihar Alabama, na Smith & Wesson daga 2002 a garin Houlton na jihar Maine, sai na Walther da kansa a Fort Smith ta jihar Arkansas. Smith & Wesson ya tsawaita leɓen ƙarfen da ke saman mariƙi, domin a tsofaffin murfin kan yanki fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni idan mai babban hannu ya riƙe ta sama-sama. A watan Fabrairun 2009 kamfanin ya nemi a dawo da waɗanda ya ƙera domin gyara, saboda an gano kwantar da guduma da hannun tsaro na iya tayar da harsashi. Duk wadda ta fito daga wannan zubi sai an tabbatar an yi mata gyaran.

Abubuwan da ke zubar da darajar bindigar tarawa sanannu ne. Na farko sake rini. Kafin a sake rina ƙarfe sai an goge shi, gogewar kuma tana cinye kaifin gefuna ta mayar da haruffa kamar sun narke; hatimin asali yana da ɗan tudu a bakinsa inda ƙarfe ya taso. Na biyu hatimin jabu, musamman na soja da na jam'iyyar Nazi, da ake bugawa a kan bindigar farar hula domin a ninka kuɗinta. Maganinsa a duba ko lambar jikinta ta faɗa cikin jerin da aka san an yi wannan samfuri, da ko hatimin gwajin ya dace da shekarar: kambi da N a kan mai haruffan "ac" ba ya yiwuwa. Na uku tsagewar mariƙin PPK na da, mai ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ke bushewa da tsufa ya fashe idan aka matse sukurunsa da ƙarfi, kuma samun na asali yana da tsada. Gangar hannun tsaro ma takan tsage a tsofaffi idan aka yi ta sakin guduma a kanta, shi ya sa masu tarawa ke riƙe gudumar da babban yatsa su sauke ta a hankali. Sai tsatsa. Kuben fata yana shan laima, ya bar wa ƙarfen ƙananan ramuka a bakin bututu da gefen murfi, don haka kube daban ake ajiyewa, bindiga daban, da ɗan shafin mai.

Wannan sha'awa tana tafiya ne a ƙarƙashin doka. A Amurka bindigar da ta haura shekara 50 tana shiga rukunin kayan tarihi, akwai kuma lasisi na musamman ga masu tara irinsu. A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogin hannu cikin rukunin haramtattu, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma tsufan bindiga ko darajarta ta tarihi ba sa fitar da ita daga wannan rukuni.