Bariyon mai cam: nauyinsa da matakansa na sama

Bariyon mai cam wata ƙwaya ce da ta fi zarra ƙanƙanta, wadda kuwak uku (ƙananan ƙwayoyin da ke haɗuwa su gina irin su furoton) suka haɗu suka yi, kuma aƙalla ɗaya daga cikinsu kuwak ɗin cam ne, mai alamar c. Dangin furoton ne da niyutoron, sai dai su kuwak ɗinsu duka marasa nauyi ne, u da d. Shi kuwa c kaɗai nauyinsa ya kai kusan MeV 1270, ya fi furoton ɗungurungum mai MeV 938. MeV ma'aunin makamashi ne, amma da shi masu kimiyyar fiziks ke auna nauyi, tunda nauyi da makamashi abu ɗaya ne a lissafin Einstein.

A 1970 masana fiziks Glashow da Iliopoulos da Maiani suka nuna cewa lissafi na buƙatar kuwak na huɗu, wato c, bayan u da d da s da aka riga aka sani. Ya bayyana a Nuwamban 1974 cikin ƙwayar J/psi, a cibiyoyin bincike na Brookhaven da SLAC na Amurka. Shekara guda bayan haka aka ga sawun bariyon mai cam na farko a wani hoto daga Brookhaven.

Mafi ƙarancin nauyi a dangin shi ne Λc+, mai u da d da c, nauyinsa MeV 2286. Ransa kashi biyu ne cikin tiriliyan goma na sakan; a cikin na'ura bai wuce milimita kaɗan ba ya tarwatse, don haka daga ɓarɓashinsa ake lissafo nauyinsa. Sama da shi akwai Σc guda uku a wajen 2454, sai Ξc+ a 2468 da Ξc0 a 2470, sai Ωc0, mai s biyu da c, a 2695.

Malami a Kaduna ba sai ya je nesa neman misali ba. Duk wanda ya leƙa kasuwar dabbobi ta Zango a Tudun Wada ya ga awaki biyu ɗaure a turke ɗaya. Kuwak ɗin c shi ne turken, da ƙyar yake motsi. Marasa nauyin biyu su ne awakin. Ko dai su haɗa kai su ja igiya tare, abin da ake kira yanayin λ, ko kuma kowace ta ja nata gefen, yanayin ρ. Kowane irin ja na ƙara wa bariyon makamashi, makamashin kuma ya fito a matsayin ƙarin nauyi. Waɗannan su ne matakan sama: kuwak ɗin ba su canja ba, motsinsu ne ya canja, kamar yadda kalangu ɗaya ke sauya murya idan aka matse tsarkiyarsa.

Nauyin turken yana da wani amfani. Juyin da c ke yi a kan kansa ba ya damun abokansa sosai, shi ya sa matakan ke zuwa bi-da-bi, kusa da juna. Tsakanin furoton da Δ, abokin matakinsa na sama, akwai tazarar kusan MeV 293, amma tsakanin Σc(2455) da Σc(2520) kusan 64 ne kawai (lambar da ke cikin baka ita ce kimanin nauyin). Idan aka sa kuwak ɗin b, wanda ya fi c nauyi, tazarar ta koma wajen 20. Haka Λc(2595) da Λc(2625) suke, tagwaye: gwajin ARGUS na Jamus ya gano na biyun a 1993, CLEO na Amurka ya gano na farkon a 1995. Can sama akwai Λc(2880) da Λc(2940).

A Maris na 2017 gwajin LHCb a cibiyar bincike ta CERN, kusa da Jeneba, ya sanar da sababbin matakan Ωc0 har biyar a tashi ɗaya: 3000, 3050, 3066, 3090 da 3119, kowanne yana rabewa zuwa Ξc+ da wata ƙwaya mai suna K−. Lissafin yanayin λ ma matakai biyar ya yi hasashe, amma dacewar adadi ba ta kashe gardama ba, don wasu masana na ganin akwai waɗanda kuwak biyar ne a cikinsu. Gwajin Belle na Japan ya tabbatar da huɗu daga cikin matakan biyar. A Yulin shekarar LHCb ya kuma gano Ξcc++, mai c biyu, a MeV 3621.

Ωc0 ɗin ya sake ba da mamaki a 2018. An daɗe ana ɗaukarsa mafi gajeren rai idan aka kwatanta shi da Λc+ da Ξc+ da Ξc0, sai awon LHCb ya nuna ransa ya ninka tsohon adadi kusan sau huɗu, daga femtosakan 69 zuwa 268 (femtosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan dubu na sakan). Gwajin Belle II, magajin Belle, ya sake awon a 2022, ya goyi bayan sabon adadin.